Buguwar Kai da Jirin da Ke Biyo Baya: Abin Yi Daga Mintin Farko Har Ƙafa Ta Tsaya Daram

Tambayar kusan iri ɗaya ce, masu yin ta ne kawai ke canzawa. Yau uwa ce da ɗanta ya yi karo da wani a filin ƙwallo, gobe ɗan acaɓa ne da ya zame a kwalta ranar ruwan sama, jibi magidanci ne da adaidaita sahu ta kife da su. Ba jini, ba suma, an tashi an kakkaɓe riga an ce Allah ya kiyaye gaba. Bayan mako biyu ciwon kai ya ƙi tafiya, in an yi ruku'u masallaci ya juya, in an shiga kasuwa ƙafa ta riƙa harɗewa. Sai a tambaye ni: me za mu yi, wa za mu gani?

Sunan abin girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, bugu mai ƙarfi yana jijjiga ta har aikinta ya rikice na wani lokaci, ko da ƙashi bai fashe ba. Ba sai an bugi kan ba ma. Faɗuwa a kan kafaɗa ko fizgar wuya a mota ta isa. Ga yadda ake bin ta, daki-daki.

1. Tsayar da komai, a kare wuya

In ɗan wasa ne, ya fita daga fili, kuma ba zai koma ba a ranar ko da ya rantse garau yake. Haka ɗan dambe, haka ɗan kokawa, haka wanda doki ya kayar ranar hawa. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta farfaɗo daga na farko ba yana iya kumbura ta, kuma yara da matasa ne abin ya fi yi wa illa.

In yana kwance bai tashi da kansa ba, kada a ɗaga shi. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya dafe kan da hannu biyu yadda ya same shi, ya yi masa magana. In amai ya taho, mutum uku su mirgina shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da baya a layi guda. A Najeriya a kira 112, in hatsarin hanya ne a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122.

Gargaɗi: abin da muka saba yi a bakin titi shi ne mafi haɗari. A ciccibi mutum kai yana reto, a sheƙa masa ruwa, a jijjiga shi, a ɗura masa lemo ko madara. Wanda bai gama dawowa hayyacinsa ba yana iya shaƙe abin da aka ɗura masa. In da hular kwano a kansa a bar ta, sai in tana hana shi numfashi.

2. Alamomin da ba a kwana da su a gida

Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a lokacin ko bayan awanni, asibiti za a nufa, ba kemis ba, ba wurin mai ɗori ba:

- suma, ko da ta ɗan lokaci ce, ko jijjiga irin ta farfaɗiya
- ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa
- amai fiye da sau ɗaya
- barci mai nauyi da tashinsa ke wuya, ko ruɗewa da ke daɗa yawa
- magana ta karye, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko ta mutu
- gani biyu-biyu, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗayan girma
- jini ko ruwa garai-garai daga kunne ko hanci, ko baƙin tabo a bayan kunne ko kewayen ido
- ciwon wuya mai tsanani

Mutum uku kuma ba a jiran alama a kansu: jariri, dattijon da ya kai shekara 65, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin. A kai su a duba su kawai.

A nan ne maganar hoton CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da na'ura, ke shigowa, kuma shi ne ke cin kuɗi fiye da komai a wannan lamari. Ku san amfaninsa kafin ku biya: yana neman zubar jini ne da karayar ƙoƙon kai. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a cikinsa. Don haka in hoto ya fito lafiya, ma'anarsa ba jini a ciki, alhamdu lillahi. Ba ma'anarsa yaron ƙarya yake yi da ya ce kansa na juyawa ba. In kuma likita ya duba ya ce ba a buƙatar hoton, ba rowa ya yi muku ba.

3. Gane girgizar in babu waɗancan alamomi

Mafi yawan masu girgizar ƙwaƙwalwa ba sa suma. Wannan jimlar nake so kowane koci da kowace uwa su riƙe. Abin da za ka gani da ido shi ne mutum ya jima bai tashi ba, ya tashi yana layi, ya dafe kai, ya yi zuru yana kallon wuri guda, ko yana maimaita tambaya ɗaya.

Kada ka ce masa "lafiya kake?", don amsar kullum "lafiya lau" ce. Tambaye shi abin da ke buƙatar tuni: Ina muke yanzu? Wace rana ce yau? Daga ina ka taso? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa kuka buga makon jiya? Kuskure ɗaya ya isa a ɗauke shi a matsayin mai girgiza. Amsa duka daidai kuma ba ta wanke shi ba, in yana kukan ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi, haske ko ƙara na damunsa, ko ya ce kansa kamar an cika shi da hazo. Wasu alamomin sai washegari suke fitowa: saurin fushi, kuka ba dalili, rashin barci, mantuwa. A yaro ƙarami kuwa, ƙin nono ko abinci, rigima da ba a saba ba, da daina wasa.

Duk wanda ake zargi, ya ga likita cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

4. Awa 48 na farko

Kada a bar shi shi kaɗai a kwanan farko. Barci ba laifi ba ne, magani ne ma. Abin da ake so shi ne mai kula ya riƙa leƙa shi, ya tabbata numfashinsa daidai ne kuma yana tasuwa in an tashe shi. A rage waya da talabijin sosai a waɗannan kwana biyu. A rage 'yan dubiya. Na san wannan da wuya a gidajenmu, amma falo cike da mutane kowa na "yaya jiki" aiki ne babba ga kan da ya bugu.

Don ciwon kai, farasitamol. Gargaɗi: a kwana biyun farko a guji asfirin, ibufurofen da dikulofenak, don in akwai ɗan jini da ke tsattsafa a ciki suna iya ƙara shi. Tiramol, maganin barci da giya kuwa suna rufe alamomin da ake gadi. Ba tuƙi, ba hawa babur, ba hawa tsani. Ƙulun da ya fito a goshi, ƙanƙara a cikin tsumma ta ishe shi. Ba ya buƙatar ƙaho ko tsaga.

5. Bayan kwana biyu, a tashi

Nan ne masu kulawa da yawa ke yin kuskure cikin ƙauna. Shawarar dā ita ce a kwanta a ɗaki mai duhu har sai an warke. Taron masana na duniya kan wannan rauni, wanda aka yi a Amsterdam a 2022, ya tsaya a kan cewa hutun kwana ɗaya zuwa biyu ne, daga nan motsi mai sauƙi yana gaggauta warkewa.

Fara da tafiya a ƙasa ta minti 10 zuwa 15, da safe ko bayan la'asar, kana ƙarawa kaɗan kullum. Ga ma'aunin da za ka yi ta amfani da shi har ƙarshen wannan jagora: kafin ka fara, ba wa damuwarka, wato jiri ko ciwon kan da kake ji, maki daga 0 zuwa 10. In motsi ya ɗaga ta da maki ɗaya ko biyu kuma ta sauka cikin awa guda, kana kan hanya. In ta wuce haka, ka tsaya, gobe ka rage. Ɗalibi ya koma makaranta rabin yini da hutu tsakani, ba sai ya warke sarai ba.

Yawancin mutane suna warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma in jiri, ciwon wuya ko ciwon kai sun wuce kwana 10, lokacin ganin likitan fisiyo, wato likitan gashi, ya yi.

6. Tantance wane irin jiri ne

Kalmar "jiri" jaka ce da muke zuba abubuwa daban-daban a ciki, alhali kowanne da maganinsa. Kafin ka je asibiti ka rubuta amsar tambaya biyu: me ke tayar da shi, kuma minti nawa yake ɗauka?

In ɗaki ne ke juyawa kamar hajijiya idan ka kwanta, ka juya a gado, ka ɗaga kai sama, ko ka yi ruku'u da sujada, kuma ya lafa kafin minti ɗaya, wannan ya fi kama da abin da ake rubutawa BPPV a kati. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar garin alli da ke taimaka wa jiki sanin sama da ƙasa. Bugu yana ɓamɓaro su su faɗa cikin bututun da ba nasu ba, sai su riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa ana juyawa alhali ba a juyawa. Maganinsa mataki na 7.

In gani ne ke rawa ko ya yi dishi idan ka waiwaya, ko kasuwa, cunkoson motoci da jan allon waya suna ɗaga maka zuciya, haɗin kunne da ido ne ya kwance. Mataki na 8.

In layi kake yi, musamman da duhu ko a kan yashi, mataki na 9. In jirin yana tafe da sanƙarewar wuya da ciwon ƙeya, wuyan ma sai an yi masa aiki, kuma wannan na hannun likitan fisiyo ne. In kuwa duhu ne ke rufe ido idan ka miƙe tsaye da sauri, a auna hawan jini a kwance da tsaye, a duba ƙarancin jini, sukari da zazzaɓin cizon sauro. Atisaye ba ya maganin waɗannan.

Inda za a je: sashen fisiyo, wanda mutane suka fi sani da sashen gashi. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, da asibitocin koyarwa na Shika, Sakkwato da Maiduguri. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa, in jirin ya haɗu da raguwar ji ko ƙara a kunne. A Nijar a nemi kine, sunan da ake kiran likitan fisiyo a can, a babban asibiti. Ka tambaya kai tsaye ko akwai wanda ke duba jirin kunne, don ba kowa ne ya ƙware a nan ba. Kuɗinsa kuɗin kati ne da na zama, babu na'ura mai tsada a ciki. Abin da ya fi yawa a gida za ka yi shi.

Gargaɗi a kan ƙwayoyin jiri irin su Stugeron da Stemetil: suna taimakawa kwana biyu ko uku in amai ya yi yawa. Shan su mako da makonni yana dakushe saƙon da ƙwaƙwalwa ke buƙata don ta gyara kanta, sai jirin ya zauna. Ba kuma sa mayar da ƙwayoyin kunne mazauninsu.

7. Juyin Epley, don jirin kwanciya da sujada

Juyin Epley jerin juya kai ne da ke mayar da waɗancan ƙwayoyin kunne mazauninsu. Likita zai fara da gwajin Dix-Hallpike: ya karkata kanka, ya kwantar da kai da sauri, ya kalli yadda idanunka ke rawa. Da haka yake gane wane kunne ne da wane bututu. Gargaɗi: kada a yi wannan juyi ga wanda ya bugu sai likita ya tabbatar wuyansa lafiya, kuma karon farko ƙwararre ne zai yi. Mai tsohon ciwon wuya ko baya, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, su bar shi a hannun likita gaba ɗaya.

In an koya maka ka ci gaba a gida, ga tsarinsa na kunnen dama. Kana buƙatar gado, matashi ɗaya, agogo, da mutum a kusa.

Zauna a gado ƙafafu a miƙe, matashi a bayanka daidai inda kafaɗu za su sauka. Juya kai dama digiri 45, wato rabin hanya tsakanin kallon gaba da kallon kafaɗa. Kwanta da baya da sauri, kafaɗu a kan matashi, kai ya ɗan lanƙwasa baya ya taɓa katifa. Jiri zai taso. Kada ka tashi. Jira ya lafa, ka cika aƙalla daƙiƙa 30. Ba tare da ɗaga kai ba, juya shi hagu har ya kai digiri 45 a wancan gefen. Daƙiƙa 30. Mirgina jiki gaba ɗaya kan gefen hagu, kai ya bi, hanci yana kallon ƙasa. Daƙiƙa 30. Sannan ka zuro ƙafafu, ka tashi zaune ta hagu a hankali, haɓa ta ɗan yi ƙasa, ka zauna 'yan mintuna mai taimako yana riƙe da kai. Na kunnen hagu, a juya komai.

Kurakurai uku ne ke ɓata shi: yi wa kunnen da ba shi ne ba, zabura zaune da jiri ya taso, da ɗaga kai a tsakiyar juyi. Mutane da yawa suna samun sauƙi a zama ɗaya ko biyu, abin da kan ba wanda ya yi wata uku yana shan ƙwaya mamaki. Kafin a gyara, yin salla a zaune halal ne ga wanda tsayuwa ta gagara, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini. Sai dai kada zaman ya zama madadin magani.

8. Atisayen ido da kai

Kayan aikinsa takarda ce da alƙalami. Rubuta harafi ɗaya babba, ka liƙa a bango mara ado daidai tsayin idonka, ka zauna nesa da shi kamar tsawon hannu. Kafe ido a kan harafin, ka riƙa juya kai dama da hagu kaɗan-kaɗan kamar mai cewa a'a. Dokar ɗaya ce: harafin ya zauna tar. In ya fara rawa ko ya rabu biyu, ka yi sauri da yawa, sassauta. Fara da daƙiƙa 20 ko 30, ka huta har jirin ya sauka, sannan ka yi sama da ƙasa kamar mai cewa i.

Manufa ita ce a kai minti ɗaya zuwa biyu a jere, ana maimaitawa a kowane zama, zama uku zuwa biyar a yini, jimla minti 12 zuwa 20. Na ga ya fi ɗorewa in an ɗaura shi da salloli: an idar, a yi minti uku. Idan ya yi sauƙi a zaune, koma tsaye. Daga nan ƙara sauri. Daga nan liƙa harafin a kan atamfa mai zane da yawa, don ido ya saba da hayaniya irin ta kasuwa.

Dole ya ɗan tayar da jiri, don da wannan ɗan jirin ƙwaƙwalwa ke koyo. Wanda ya daina ranar farko saboda "yana ƙara mini" ya bar maganin. Wanda ya matsa har ya kwanta yini guda shi ma ya wuce gona da iri. Ma'aunin maki biyu na mataki na 5 shi ne alƙali. Kuskure mafi yawa shi ne juya ido maimakon kai, ko ƙame wuya a juya da kafaɗu.

9. Tsayuwa da tafiya

Tsaya a kusurwar ɗaki, bango a bayanka ta gefe biyu, kujera mai nauyi a gabanka. Ba takalmi, ba silifas, a naɗe tabarma da darduma. Kowace tsayuwa daƙiƙa 30, sau uku, sau biyu a yini, kuma ba ka wucewa gaba sai ka riƙe ta ba dafawa: ƙafafu a haɗe, ƙafa ɗaya ta ɗan shige gaba, diddige a jikin yatsun ɗaya ƙafar, sannan ƙafa ɗaya. Ka gama jerin, sake shi ido a rufe. Ka gama, sake shi a kan matashin kujera ko bargo da aka ninka.

Tafiya kuma a bi bango: taku goma kana waiwayen dama da hagu, taku goma kana kallon sama da ƙasa, sannan diddige bin yatsa a kan layi. A ƙarshe haɗa da aikin kai, kamar ƙirga daga 100 zuwa baya uku-uku, don a titi ba wanda ke tafiya da kai fanko. Gargaɗi: dattijo da mai sukarin da ya kashe masa tafin ƙafa kada su rufe ido sai da mutum tsaye kusa. A bar fitila a hanyar banɗaki da dare.

An saba ganin canji cikin mako huɗu zuwa shida in ana yi kullum.

10. Komawa fili, babur da aiki

Ga ɗan wasa hawa shida ne, kowanne aƙalla awa 24: harkokin gida, tafiya da sassarfa, atisayen wasan shi kaɗai, atisaye da abokai ba karo, cikakken atisaye, sannan gasa. Ukun ƙarshe sai alamomi sun ɗauke gaba ɗaya kuma likita ya amince. In alama ta dawo, a koma baya. A Birtaniya ƙa'idar da aka fitar a 2023 don wasannin unguwa da makarantu ta hana gasa kafin kwana 21, kuma ni wannan nake ba kocin unguwa shawarar ya riƙe, tunda ba shi da likita a gefen fili.

Ɗan acaɓa, direba, birkila da mai hawa turken wuta: ba a komawa sai mutum yana iya waiwaya da sauri ba jiri. Na san kwana ɗaya ba aiki yana nufin tukunya ba ta hau ba, shi ya sa 'yan uwa su ɗauki nauyin waɗannan kwanaki. Hular kwano da ta sha bugu a canja ta. Tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, amma ba ta hana girgiza gaba ɗaya.

A koma wurin likita in alamomi sun haura mako huɗu, in ji ya ragu, ko in damuwa da rashin barci sun yi yawa. Dattijon da ya faɗi kuma a ci gaba da sa masa ido har wata biyu zuwa uku. Jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai bayan makonni ya fara mantuwa, yawan barci, jan ƙafa ko canjin hali, gida kuma a ce tsufa ne ko iska. A kai shi asibiti ranar da aka lura, a gaya wa likita ranar da ya faɗi, ko da faɗuwar a banɗaki ce kuma shi kansa ya manta da ita.